Na bar sukari saboda ciwon suga, yanzu an ce ƙwayar zaƙi tana taɓa ƙwaƙwalwa

Wata mai karatu ta rubuto mana daga Zariya tana cewa: "Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce, shekarata 54. Shekara bakwai ke nan da aka gano ina da ciwon suga, kuma tun lokacin na bar sukari, na koma jefa ƙwayar zaƙi a shayi safe da yamma. Idan na taso daga makaranta cikin zafin rana nakan sha lemon kwalba marar sukari guda ɗaya, wani lokacin biyu. Kwanan nan 'yata ta turo mini saƙo ta WhatsApp cewa an gano waɗannan abubuwa suna lalata ƙwaƙwalwa. Hankalina ya tashi, domin mahaifiyata ta yi fama da gigin tsufa kafin rasuwarta, har ta kai ba ta gane mu. Ni ma na fara lura da mantuwa: sunan ɗalibi ya ɓace mini, ko in shiga ɗaki in rasa abin da ya kai ni, ko in yi kokwanton raka'a a salla. Maigidana ya ce in koma zuma da mazarƙwaila. Shin na riga na cuci kaina? Me zan yi?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya kai haske kabarinta, ke kuma ya ba ki lafiya mai ɗorewa. Duk wanda ya zauna gaban mahaifiyarsa tana kallonsa ba ta san ko wane ne ba, dole ƙaramar mantuwa ta riƙa razana shi, don haka tsoronki yana da dalili. Shawarata ita ce kada ki koma wa sukari, ko da ya zo da sunan zuma ko mazarƙwaila, ki rage lemon da ƙwayar zaƙin sannu a hankali har ruwa ya zama abin shanki na kullum, sannan ki kai maganar mantuwar nan gaban likitanki a matsayin ƙorafi mai zaman kansa, domin akwai abubuwan da suka fi ƙwayar zaƙi kusa da zama sanadinta, kuma yawancinsu ana magance su.

Saƙon da 'yarki ta turo yana da tushe. A watan Satumba na 2025 mujallar likitocin ƙwaƙwalwa mai suna Neurology ta buga wani bincike da aka yi a Burazil ƙarƙashin jagorancin Dakta Claudia Suemoto ta Jami'ar Sao Paulo. An bi mutum 12,772, ma'aikatan gwamnati ne waɗanda matsakaicin shekarunsu 52, har tsawon kimanin shekara takwas. A farkon aikin an tambaye su abin da suka saba ci da sha, aka lissafa yawan sinadaran zaƙi guda bakwai da ke shiga cikinsu, wato asfatem, sakarin, asesulfem, eritiritol, zailitol, sobitol da tagatos. Daga nan aka riƙa yi musu gwajin ƙwaƙwalwa lokaci bayan lokaci, irin su tuna jerin kalmomin da aka nuna wa mutum, da lissafo sunayen dabbobi gwargwadon iko cikin minti ɗaya, da saurin warware aikin da ke buƙatar mayar da hankali. Waɗanda suka fi kowa shan sinadaran, kimanin miligiram 191 a rana, makinsu ya riƙa sauka da sauri fiye da na masu shan kimanin miligiram 20 da kashi 62 cikin 100. Cikin sinadaran bakwai, tagatos ne kaɗai ba a ga alaƙarsa da wannan sauka ba.

Ba zan ɓoye miki abin da ya shafe ki kai tsaye ba. A cikin wannan bincike an ga alaƙar ce a wurin waɗanda ba su kai shekara 60 ba, kuma ta fi ƙarfi a wurin masu ciwon suga. Miligiram 191 kuwa ba wani abu mai yawa ba ne, kusan adadin asfatem ɗin da ke cikin gwangwani ɗaya na lemo marar sukari ke nan. Mace mai shekara 54, mai ciwon suga, wadda take shan kwalba ɗaya ko biyu kullum bayan abin da take jefawa a shayi, ta faɗa cikin rukunin da binciken ya fi nuna wa yatsa. Shi ya sa ba zan ce miki ki share saƙon ki ci gaba da yadda kike ba.

Sai dai ya kamata ki fahimci ma'anar adadin nan, domin kashi 62 cikin 100 shi ne ya fi firgita mutane. Ba a ce ƙwaƙwalwar waɗannan mutane ta ragu da kashi 62 ba. Kowane mutum, da zarar ya wuce tsakiyar rayuwa, makinsa a irin wannan gwaji yana sauka kaɗan-kaɗan kowace shekara, kuma abin da aka gano shi ne saukar ta fi sauri a rukunin masu yawan sha. Masu binciken da kansu sun ƙiyasta bambancin da kamar ƙarin tsufa na shekara ɗaya da wata bakwai a cikin shekara takwas ɗin. Bambanci ne da ake gani idan aka tara makin dubban mutane aka kwatanta, ba irin wanda zai sa mace ta manta sunan 'ya'yanta ba. Kuma abin da aka auna shi ne makin gwaji, ba yawan waɗanda suka kamu da gigin tsufa ba.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. Irin wannan bincike yana nuna cewa abu biyu suna tafiya tare, amma ba ya iya tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya. Idan aka ƙirga dattawan unguwa za a tarar masu dogara sanda sun fi sauran yawan faɗuwa, alhali ba sandar ce take kayar da su ba, raunin ƙafar da ya sa suka riƙe ta ne. Su wane ne suke komawa lemo marar sukari da ƙwayar zaƙi? Galibi waɗanda likita ya gaya wa suna da ciwon suga, ko ƙiba ta yi musu yawa, ko jininsu ya hau, kuma waɗannan cututtuka ukun kowannensu sananne ne wajen yi wa ƙwaƙwalwa illa. Masu bincike suna ƙoƙarin cire tasirinsu ta hanyar lissafi, sun kuma yi hakan a nan, amma lissafi ba ya iya tsame komai, musamman ga wanda ciwon ya fara yi wa aiki a ɓoye tun ba a gano ba. Ƙari a kan haka, sau ɗaya aka tambayi mutanen abin da suke ci, a farkon shekarun takwas, kuma daga bakinsu aka ji, ga shi ɗan Adam yana canza abincinsa, yana kuma manta abin da ya ci. Sukuralos da sitebiya, waɗanda suke cikin kayan sha da yawa a yau, ba sa cikin sinadaran da aka duba.

Da a ce wannan bincike shi kaɗai ne, da na ce miki ki jira tukuna. Amma ba shi kaɗai ba ne. A 2017 mujallar Stroke ta buga sakamakon wani tsohon aikin bibiyar lafiyar mutanen garin Framingham a Amurka, inda aka ga masu shan lemo marar sukari kullum sun kusan ninka sau uku wajen haɗarin shanyewar ɓarin jiki ta toshewar jijiya da kuma cutar Alzheimer, wadda nau'i ce ta gigin tsufa, idan aka kwatanta su da masu shan ƙasa da ɗaya a mako. Mutum 81 ne kacal suka kamu da gigin tsufa a cikin waɗanda aka bi, kuma da aka sa ciwon suga da hawan jini cikin lissafi sai alaƙar da gigin tsufa ta yi rauni, abin da ke ƙarfafa batun sandar nan. A 2019 wani bincike a kan matan Amurka 81,714 da suka daina al'ada ya nuna masu shan biyu ko fiye a rana haɗarin shanyewar ɓarin jikinsu ya ƙaru da kashi 23 cikin 100. A 2022 kuma a Faransa, cikin mutum sama da 103,000, an ga ƙarin kashi 18 cikin 100 na cututtukan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa a wurin masu yawan shan sinadaran. Dukansu suna da raunin da na bayyana, amma ƙasashe ne daban-daban da mutane daban-daban, kuma duk wuri ɗaya suke nunawa. A ganina wannan bai isa a yanke hukunci cewa sinadaran suna lalata ƙwaƙwalwa ba, amma ya isa mai hankali ya daina ɗaukar su kamar ruwa.

Akwai kuma hanyoyin da masana suke zargin illar za ta iya bi. Ƙwaƙwalwa ta dogara ne da ƙananan jijiyoyin jini masu kai mata iska da abinci, don haka duk abin da ya taɓa jini ya taɓa ta. A 2023 masu bincike na asibitin Cleveland Clinic a Amurka sun nuna cewa eritiritol yana ƙara wa ƙwayoyin da ke daskarar da jini saurin manne wa juna, a 2024 kuma suka nuna irin haka game da zailitol, kuma gudan jini shi ne yake toshe jijiya ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Hanya ta biyu ita ce hanji. A 2022 Cibiyar Weizmann ta Isra'ila ta ba wa mutane 120 masu lafiya gwaji na mako biyu, aka ga sakarin da sukuralos sun canza ƙananan halittun da ke zaune a hanji, sun kuma canza yadda jiki yake sarrafa sukari bayan an ci, duk da cewa adadin da aka ba su bai kai iyakar da hukumomi suka yarda da ita ba. Ga mai ciwon suga wannan abin lura ne, domin dalilin shan ƙwayar tun farko shi ne a bar sukarin jini ya zauna lafiya.

Za ki iya tambaya, to me ya sa hukumomi ba su hana ba? Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya sake duba asfatem a watan Yuli na 2023, ya bar iyakarsa yadda take, miligiram 40 a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana. Mai nauyin kilo 70 sai ya sha tsakanin gwangwani 9 da 14 kullum kafin ya ƙetare ta, ke kuwa kina nesa da nan ƙwarai. Wannan iyaka tana ba da natsuwa cewa ba guba kike sha ba, amma an gina ta ne galibi a kan gwajin guba, ba a kan bin makin ƙwaƙwalwar mutane shekara da shekaru ba. A watan Mayu na 2023 dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da sinadaran zaƙi don rage ƙiba, saboda ba a ga suna rage kitse a tsawon lokaci ba, ta ce abin da ya fi shi ne mutum ya rage zaƙi a abincinsa baki ɗaya. Hukumar ta faɗa a fili cewa shawarar ba ta haɗa da waɗanda suka riga suka kamu da ciwon suga ba, domin binciken da ta dogara da shi ba a kansu aka yi ba. Wato ba a umarce ki da ki daina ba, ba a kuma ce ki sha yadda kika ga dama ba.

Maganar maigidanki kuwa, na san kulawa ce ta sa ya faɗe ta, kuma babu mai musun darajar zuma a wurinmu. Amma ki gaya masa cikin ladabi cewa kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne, babban cokali ɗaya yana ɗauke da kimanin giram 17, kuma jinin mai ciwon suga yana karɓar sa kamar yadda yake karɓar na kwali. Mazarƙwaila ruwan rake ne da aka dafa ya daskare, sukari ce da ba a tace ba. Dabino ma, duk da amfaninsa, ƙidaya ake yi masa ga mai irin ciwonki. Illar da ake zargin sinadaran zaƙi da ita zato ne mai ƙarfi da ake kan bincike, amma illar hawan sukarin jini a kan ƙwaƙwalwa tabbatacciya ce: yana lalata bangon ƙananan jijiyoyi a ido da ƙoda da ƙafa, haka yake yi a cikin kai, kuma masu ciwon suga sun fi sauran mutane haɗarin gigin tsufa da kamar rabi ko fiye. Idan kika bar ƙwayar zaƙi kika koma zuma cokali biyu a kowane kofi, an gudu ne ba a tsira ba.

A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ake iya gyarawa waɗanda suka ce suna da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa a duniya. A cikinsu akwai ciwon suga, hawan jini, yawan mugun kitse a jini, ƙiba, rashin motsa jiki, raunin ji, raunin gani da ba a kula da shi ba, ciwon damuwa, kaɗaici, shan taba da gurɓatacciyar iska. Sinadaran zaƙi ba sa cikin jerin. Na kawo wannan ne domin na lura tsoro yakan sa mutum ya zuba dukan hankalinsa a kan ƙaramin abin da ya karanta jiya, ya manta babban abin da yake tare da shi shekara bakwai. Ba ki ambaci awon jininki a wasiƙarki ba, kuma da za ki tambaye ni abu ɗaya da zai fi kare ƙwaƙwalwarki daga nan zuwa shekara ashirin, zan ce ki san adadin hawan jininki, ki tsare shi ƙasa da 140 bisa 90, likitoci da yawa ma suna son mai ciwon suga ya kasance ƙasa da 130 bisa 80. Bayansa sai gwajin HbA1c, wanda yake nuna matsakaicin sukarin jini na kimanin wata uku, kuma ga yawancin manya ana neman ya tsaya ƙasa da kashi 7. Tafiya da ƙafa ta minti 30 kwana biyar a mako tana taimaka wa duka biyun.

Mantuwar da kika kwatanta irin wadda ake yawan gani ce a wurin masu lafiya. Sunan ɗalibi ya ɓace na ɗan lokaci sannan ya dawo, ko a shiga ɗaki a rasa abin da aka zo ɗauka, alamun rarrabuwar hankali ne da gajiya, kuma malamar da take fama da aji cike da yara tun safe tana da dalilin duka biyun. Kokwanton raka'a ya daɗe tare da masu salla, shi ya sa aka shar'anta sujjadar rafkanuwa. Abin da ke ɗaga hankalin likita daban ne: mutum ya ɓata a hanyar da ya saba bi, ko ya maimaita tambaya ɗaya sau da yawa cikin zama ɗaya bai san ya yi ba, ko lissafin cefanen da ya saba ya gagare shi, ko ya rasa yadda ake haɗa miyar da ya shekara talatin yana yi, ko halinsa ya canza har iyali su fara magana. Sau da yawa a gigin tsufa na kusa da mutum ne suke riga shi lura. Ki tambayi maigidanki da 'yarki, ki roƙe su su gaya miki gaskiya, ko sun ga wani abu irin wannan a tare da ke.

Ko sun ce ba su gani ba, ki je wurin likita da wannan ƙorafi, domin a shekarunki da ciwonki akwai abubuwan da ya kamata a duba. Idan metfomin kike sha, kamar yawancin masu ciwon suga, ki sani shan sa shekara da shekaru yana iya rage bitamin B12 a jiki, kuma ƙarancin B12 yana kawo mantuwa da kasala da jin kamar ana tsira allura a tafin ƙafa. Gwajin jini ne yake gano shi, ana kuma cike gurbin da ƙwaya ko allura ba tare da an bar metfomin ɗin ba, don haka kada ki dakatar da maganinki da kanki. Ki nemi a duba aikin maƙoƙo, domin idan ya yi sanyi tunani ma yakan yi nauyi, a kuma duba ko jininki ya yi ƙasa. Shekarun ɗaukewar al'ada suna zuwa wa mata da yawa da rashin barci da zufar dare da wani irin duhun tunani wanda yakan yi sauƙi daga baya. Idan maigidanki ya ce kina minshari mai ƙarfi har numfashi yana yankewa, ki faɗa wa likita, haka nan idan kin fara cewa a maimaita miki magana, domin abin da kunne bai kama da kyau ba ƙwaƙwalwa ba ta ajiye shi. Damuwa ita ma tana cinye hankali, kuma wadda ta yi jinyar uwa har ta rasu tana iya ɗauke da nauyin da ba ta faɗa wa kowa ba.

Akwai wani wuri guda da sukari na gaskiya yake zama magani, kuma ina so ki riƙe shi da kyau. Idan kina allurar insulin ko kina shan irin su gilibenkilamaid, sukarin jininki yana iya faɗuwa ƙasa da 70, sai ki ji rawar jiki da zufa da bugun zuciya da ruɗewa. A wannan lokaci ƙwayar zaƙi da lemo marar sukari ba su da wani amfani ko kaɗan, abin da ake buƙata shi ne kimanin giram 15 na sukari, wato ƙaramin cokali uku zuwa huɗu a ruwa, a sake awo bayan minti 15. Yawan faɗuwar sukari irin wannan shi ma yana cutar da ƙwaƙwalwa, don haka idan yana faruwa da ke, musamman ranakun da kika fita makaranta ba ki karya ba ko lokacin azumi, likita ya sani don ya gyara miki adadin maganin. Idan kuwa wata rana baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta harɗe, asibiti za a nufa nan take, ba a jira a ga abin da gari zai waya da shi.

Wajen ragewa, ki fara da lemon kwalba, domin shi ne yake kawo miki kaso mafi girma, kuma ƙishirwa ce take sa ki sha, ba wata buƙata ba. Ki riƙa tafiya makaranta da gorar ruwa, ki sha kafin ki taso, domin wanda ya kashe ƙishirwa sha'awar lemo takan ragu masa. Ki mayar da shan lemon daga kullum zuwa sau biyu a mako, daga baya ya zama na ranar biki ko suna, kuma a irin wannan rana marar sukarin ya fi miki mai sukari nesa ba kusa ba. A gida ki dafa zoɓonki da citta da kanumfari ba tare da zaƙi ba, ko ki matse lemon tsami a ruwan sanyi da ganyen na'a-na'a, ko ki dama nono marar sukari da ruwa. Idan kina shan maganin hawan jini ki gaya wa likita kina shan zoɓo, domin shi ma yana ɗan sauke jini. A shayi kuma, idan ƙwaya biyu kike jefawa ki koma ɗaya na wasu makonni, sannan rabi, ki ƙara citta ko kirfa ko kanumfari don baki ya sami abin ji. Kwanakin farko shayin zai yi miki lami, wannan ba makawa. Sakarin ya fi sukari zaƙi sau ɗaruruwa, asfatem kamar sau 200, sukuralos kamar sau 600, kuma harshen da ya saba da zaƙi kullum yana buƙatar makonni, wani lokacin wata biyu ko uku, kafin ya fara jin zaƙin da ke cikin madara ko gwanda. Idan daga ƙarshe kika tsaya a rabin ƙwaya a kofin safe kawai, kin sauka ƙasa ƙwarai daga adadin da binciken Burazil ya nuna wa yatsa, kuma ba na ganin dalilin da za ki takura wa kanki a kan wannan.

Ki saba da karanta bayan kwalba da kwali, domin sinadaran suna cikin abubuwan da ba a zato, kamar yogot mai ɗanɗano, garin lemo na leda, cingam, biskit ɗin da aka ce na masu ciwon suga ne, har da wasu lemukan da suke da sukari amma aka haɗa musu da sinadarin don a rage yawansa. Sau da yawa ana rubuta lambarsu kusa da sunan: 950 asesulfem, 951 asfatem, 954 sakarin, 955 sukuralos, 967 zailitol, 968 eritiritol, 420 sobitol. Idan wani ya ba ki shawarar sitebiya don daga ganye ake samun ta, ki duba kwalin tukuna, domin da yawa daga garin da ake sayarwa da sunanta eritiritol ne ya fi yawa a ciki. Ki sayi abin da yake da lambar NAFDAC. Wurin da ya fi damuna shi ne zoɓo da kunun aya da kunun zaƙin da ake sayarwa a ƙofar makaranta da tasha, domin wasu masu yin su suna zuba sakarin saboda tsadar sukari, da ƙiyasin ido, wasu kuma suna haɗa shi da sukarin, babu takardar da za ta gaya wa mai saye ko wanne ne a ciki ko nawa ne. Ga mai ciwon suga wannan haɗari biyu ne a gora ɗaya, kuma ɗalibanki ma suna sha.

Game da tambayarki ko kin riga kin cuci kanki, babu wata hujja da za ta sa a ce miki haka. Shekara bakwai kin guje wa sukari bisa shawarar da ake ba masu ciwon suga, kuma sukarin da ba ki sha ba a wannan tsawon lokaci kariya ce ta gaske ga jijiyoyinki. Ciwon mahaifiyarki yana ɗan ƙara miki haɗari, amma gigin tsufan da ke zuwa bayan shekaru sun ja yawanci ba gado ne kai tsaye ba, kuma kaso mai yawa nasa, musamman a wurin masu hawan jinin da ba a kula da shi ba, daga lalacewar jijiyoyin jini yake, abin da ke kike da damar tsarewa tun yanzu. Ranar da za ki koma asibiti ki tafi da kwalin ƙwayar zaƙin da kike amfani da ita da dukan magungunanki a leda ɗaya, ki rubuta misalan mantuwar da lokutan da ta fi zuwa miki, ko kafin cin abinci ne ko bayan daren da ba ki yi barci ba, ki kuma nemi a yi miki ɗan gajeren gwajin ƙwaƙwalwa na minti goma a ajiye makin a fayil ɗinki, domin a sami abin kwatantawa idan an sake yi bayan shekara guda. Zai yi kyau 'yarki ta raka ki, ta ji bayanin likita da kunnenta.